Daga RTX 3080 mai ruwa zuwa sabon kati: ina kuɗi ke zurarewa?

Ɗan_Fagge

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka san harkar kwamfutar da ake sanyaya ta da ruwa.

Abin da ke cikin akwatin yanzu: katin hoto (graphics card) RTX 3080 mai 10GB, sanye da bulok, wato farantin da ruwa ke ratsawa ya ɗauke zafi, na jan ƙarfe mai rufin nikel, irin wanda ke rufe katin baki ɗaya. CPU ɗin, Ryzen 7 5800X3D, shi ma ruwan na bi ta kansa. Lagireto biyu ne, mai 360mm da mai 240mm, kaurin kowanne 30mm, famfo D5, bututun PETG mai tauri, fawa saflai 750W, monita 1440p. Katin ƙalau yake, memorin ne ya fara yi masa kaɗan a sababbin wasanni da wajen haɗa bidiyo.

Abin da zan iya kashewa bai wuce dala 1,000 ba, har da kuɗin dako zuwa Kano, ban da ɗan abin da zan samu idan na sayar da tsohon katin. Idona na kan 5070 Ti, 5080, RX 9070 XT, ko 4080 Super na hannu. Ga inda kaina ya ɗaure: shin bulok ɗin 3080 zai hau wani daga cikinsu ko da da ɗan gyara ne? Idan ba zai hau ba, gara in sayi katin da ya zo da bulok ɗinsa tun daga kamfani, ko in sayi mai fanka in cire in sa nawa? Sannan lagireton nan biyu za su isa, ko sai na ƙara? Allah ya saka da alheri.

Mai_Lagireto

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bulok ɗin 3080 ba zai hau ko ɗaya daga cikin waɗanda ka lissafa ba, kuma babu gyaran da zai sa ya hau. Bulok ɗinkin tela ne, a jikin fanel (allon lantarkin kati) ɗaya aka gwada shi: inda cif yake, inda memori ya kewaye shi, tsayin kafasito da koyil, ramukan sukuru, duk an sassaƙa ƙarfen daidai da su. Ko a cikin 3080 ɗin ma, bulok ɗin Founders Edition, samfurin Nvidia na kanta, ba ya hawa Strix na Asus, na Strix ba ya hawa na Zotac. Don haka tun yanzu ka sa kuɗin sabon bulok a cikin lissafi. Farashin katinka na gaskiya shi ne kati da bulok da ruwan sanyaya da fitin (mahaɗin bututu) biyu ko uku da dako, a cire abin da tsohon kati da tsohon bulok suka kawo.

Idan ka yi lissafin haka, 5080 ya fita da kansa. Dala 999 aka sa masa da ya fito a farkon 2025, kuma samunsa a wannan farashin ma sai an sha nema. Kuɗin bulok mai kyau ya danganta da kamfani: Bykski da Barrow a ƙasa, Alphacool a tsakiya, Watercool mai Heatkiller da EK a sama. 5070 Ti kuwa dala 749 ne farashinsa na fitowa, 16GB ne kamar 5080, cif ɗinsu ma ɗaya ne, GB203, an dai rage masa kwas, ƙananan injinan lissafi na cikin cif, daga 10,752 zuwa 8,960. Ƙarfinsa na dab da na 4080, wutarsa 300W, wato ƙasa da 320W da 3080 ɗinka ke ci. Wannan na nufin ba ka buƙatar sabon lagireto, ba ka buƙatar sabuwar fawa saflai, domin 750W ɗin nan ita Nvidia ta ba da shawara a kai. 5080 kuwa 360W ne, 850W ake so masa. Ka ga kuɗi ya sake fita ta wata ƙofar.

Babban wurin da mutane ke asara shi ne zaɓen samfuri. Bambancin da ke tsakanin kati mai araha da mai tsada na cif ɗaya, kaso mafi tsoka a cikinsa kuɗin mai sanyaya ne: katon ƙarfe, fanka uku, fitilu, wani lokacin har da ɗan allo. Kai kuwa duk wannan cirewa za ka yi ka jefa a kwali. Ƙarin dala 150 ko 200 a kan abin da ba zai taɓa juyawa a akwatinka ba asara ce tsagwaronta. Abin da mai tsadar ke ba ka wanda ya rage bayan an cire fanka shi ne iyakar wuta mafi girma a BIOS da ƙarin matakan VRM, sashen da ke daidaita wutar da cif ke sha. A kan ruwa iyakar wutar ce ke fara tare ka, gaskiya ne, amma abin da ƙarin 30W ko 50W ke sayo maka kashi kaɗan ne cikin ɗari, ba za ka gan shi da ido a 1440p ba.

Saboda haka ka juya tsarin: fara neman bulok, sannan ka nemi kati. Shiga shafin kamfanin bulok, buɗe jerin katunan da kowanne ke hawa, ka rubuta samfura uku ko huɗu mafi araha da ke da bulok a kasuwa a yau, ba wanda aka ce yana nan tafe ba. 5070 Ti ba shi da Founders Edition, 9070 XT ma AMD ba ta sayar da nata samfurin ba, don haka kowane kamfani da irin fanel ɗinsa. Sa'ar da ake samu ita ce wasu kamfanonin fanel ɗaya suke yi wa 5070 Ti da 5080, sai ka ga bulok ɗaya an rubuta yana hawa duka biyun. Kada ka dogara da sunan da ke jikin kwali kaɗai. Cikakkiyar lambar samfuri za ka gwada, harafi da harafi, har da lambar bita idan akwai, domin kamfani kan sauya tsayin kafasito ɗaya a tsakiyar shekara ba tare da ya sauya suna ba, kuma wannan kafasiton ya isa ya hana bulok zama a kan cif.

Maganar katin da ya zo da bulok daga kamfani, irin su Aorus Waterforce WB, iChill Frostbite, Liquid Devil ko ASRock Aqua: amfaninsa garanti na nan daram tunda ba ka kwance komai ba, kuma ka huta da aikin ɗaurawa. Illarsa uku ce. Yawanci a manyan katuna ake yin su, ba a ajin da kake nema ba. Ba za ka iya gwada shi ba sai ka haɗa shi da ruwa. Ranar sayarwa kuma ba ka da fankar da za ka mayar, ga shi masu neman kati mai bulok a kasuwarmu ba su da yawa. Idan ka ci karo da ɗaya a farashi mai sauƙi, ka tabbatar farantin da ruwa ke taɓawa jan ƙarfe ne, domin an taɓa yin irin waɗannan katunan da alminiyam a ƙarƙashin rufin nikel.

Bakaniken_PC

Malam Mai_Lagireto ya faɗi gaskiya a kan lissafi, amma akwai tambayar da ya kamata a yi kafin nan: dole ne sabon katin ya shiga ruwa?

Lokacin 3080 da 3090 ruwa ya biya kuɗinsa. Memorin GDDR6X na wasu katunan kan haura digiri 100, a 110 kuma kati ke rage gudu don kare kansa. 3090 ma rabin memorinsa a bayan fanel yake, shi ya sa aka riƙa yin farantin baya mai ruwa. Daga jerin RTX 40 zuwa yau abin ya sauya. Masu sanyaya da ake ɗora wa katin 300W sun yi girma sosai, da yawansu suna riƙe cif a digiri sittin da wani abu zuwa saba'in ba tare da hayaniya ba. Abin da ruwa ke ƙara wa gudu kuwa kaɗan ne. Katunan Nvidia suna sauke gudu mataki-mataki, wajen 15MHz a kowane mataki, yayin da zafi ke hawa. Ka sauke cif daga digiri 70 zuwa 50, ka ci matakai kaɗan a kan katin da ke gudu sama da 2,500MHz. Yi rabon da kanka ka gani. Dala 200 ɗin bulok da kayansa, idan aka zuba su a kan katin kansa, sun fi haka sayo firam, wato yawan hotunan da kati ke fitarwa a daƙiƙa, nesa ba kusa ba.

Wato hanya biyu ce a gabanka da dala 1,000 ɗin: 5070 Ti a kan ruwa, ko 5080 a kan iska idan ka same shi kusa da farashinsa na asali, ruwan kuma ka bar wa CPU shi kaɗai. Ta biyun ta fi gudu. Ta farkon ta fi shiru, ta fi kyan gani, kuma memori da VRM sun fi samun sanyi. Babu wadda ta zama kuskure, amma ka san abin da kake saye. Idan ka bi ta biyun, ka auna akwatinka tukuna, domin katunan nan masu fanka kan haura 300mm a tsayi, tanki da famfo ko lagireton gaba na iya tare musu hanya. 750W ɗinka ma za ta kasance a bakin iyaka, ko da yake 5800X3D ba mai cin wuta ba ne a wasa.

Ni abin da nake ba kowa shawara shi ne tsaka-tsaki: sayi samfurin da ka tabbatar yana da bulok, amma kada ka sayi bulok ɗin tukuna. Haɗa bututu ɗaya ya tsallake gurbin kati, ka yi wata ɗaya ko biyu a kan iska. Idan ƙarar ba ta dame ka ba, kuɗinka na aljihunka. Idan ta dame ka, bulok na nan, kuma sau da yawa farashinsa sauka yake yi da shekara ta tura. Ko ba don wannan ba, gwajin kan iska wajibi ne. Da zarar ka yage sitikar kan sukuru, maganar garanti ta dogara ga kamfani da ƙasar da aka sayi katin, kuma mayar da kaya waje daga nan ba ƙaramin aiki ba ne. A cikin wannan lokacin ka buɗe manhajar GPU-Z ka duba adadin ROP, sassan cif da ke kammala zana hoto. Nvidia da kanta ta amsa cewa wasu katunan farko na jerin 50 sun fito da ƙarancinsu: 5070 Ti ya kamata ya nuna 96, mai matsalar 88 yake nunawa, 5080 kuma 112, mai matsalar 104. Ka saurari kukan koyil ma, wannan siririyar ƙara mai kama da tsuwa idan firam ya yi yawa. A kan iska fanka na rufe ta, a kan ruwa ita kaɗai za ka riƙa ji.

RX 9070 XT kada ka raina shi. Dala 599 ne farashin fitowarsa, 16GB, 304W, kuma yawancin samfuransa da tsohuwar wayar 8-pin suke aiki. A wasa zalla shi ne ya fi kowa ba da riba a cikin jerinka. Abu biyu za ka duba: bulok ɗinsa bai kai na Nvidia yawa ba, sannan idan manhajar da kake haɗa bidiyo da ita ta dogara da CUDA ko NVENC, fasahohin da katunan Nvidia kaɗai ke da su, to barin Nvidia zai yi maka tsada ta wata fuskar.

Ɗan_Fagge

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Manhajar tawa da CUDA take aiki, don haka AMD ya fita. Shirun ma ina bukatarsa saboda ɗaukar murya, kuma ɗakin babu AC, a bazara yakan kai digiri 36 zuwa 38 da rana. Ruwan yanzu yakan kai 48 idan aiki ya yi nauyi. Wannan ya sauya lissafin? Sannan me kuke gani game da 4080 Super na hannu wanda mai shi ya haɗa da bulok?

Injiniya_Zazzau

Ya sauya shi, kuma digiri 48 ɗin nan shi ne abin da ya fi damuna a duk bayananka, fiye da zaɓen kati.

Ruwa ba ya yin sanyi ƙasa da iskar ɗaki, lagireto zafi kawai yake miƙa wa iskar da ta ratsa shi. Abin da ake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin ruwa da ɗaki. Taka digiri 10 zuwa 12 ce, kuma hakan daidai yake da kayan da kake da su. Ƙiyasin da aka saba da shi shi ne kowane 120mm na lagireto ya ɗauki wajen 80 zuwa 100W idan ana son tazarar digiri 10 da fanka mai matsakaicin gudu. Kana da gurbi biyar, 360 da 240, zafin da kake zubawa kuma ya ɗan haura 400W idan an haɗa kati da CPU da famfo. Lagiretonka bai gaza ba, ɗakin ne ke da zafi. Da 5070 Ti ko 4080 Super lambar ba za ta hau ba. Da 4090 mai 450W ko 5090 mai 575W da sai ka ƙara 360 guda aƙalla, kuma duk wannan zafin cikin ɗakin da kake zaune zai ƙare.

Matsalar ita ce PETG. Wannan bututun laushi yake fara yi idan ruwa ya daɗe sama da digiri 40 da ɗoriya, musamman a bakin fitin inda zoben roba ke matse shi. A hankali bakin ke tsukewa ya zama kamar an tsuke shi da yatsa, wata rana sai ya zame daga fitin, ruwa ya sauka a kan katin da ka gama biya. Tunda dole za ka zubar da ruwan, kuma bakin sabon bulok ba zai faɗo daidai inda na tsohon yake ba, aƙalla bututu biyu sai an sake su. To ka sake duka. Zaɓi biyu ne: akirilik mai tauri, wanda ya fi jure zafi kuma zai shiga fitin ɗinka idan kaurin waje ɗaya ne, 12, 14 ko 16mm, ko baƙin tiyo na EPDM mai 10/16mm, wanda ke buƙatar sababbin fitin amma ba ya narkewa, ba ya zubar da dauɗa a cikin ruwa, kuma ranar sauya kati na gaba lanƙwasa shi kawai za ka yi. Ga wanda ke lissafin kuɗi na shekaru, EPDM ya fi. Zaren duk G1/4 ne, don haka famfo, tanki, lagireto da bulok ɗin CPU suna nan yadda suke. Idan ba ka da bawul ɗin zubar da ruwa a can ƙasan zagayen, ka sa shi yanzu, fitin mai baki uku ɗaya da bawul ɗaya da murfi.

Hanya mafi araha ta sauke zafin ruwa ba ƙarin lagireto ba ce, rage boltej ne. A manhajar MSI Afterburner ka buɗe lanƙwasar boltej da gudu, ka tsayar da ita wajen 0.90V, ka nemi gudun da katin zai riƙe ba tare da faɗuwa ba, kana hawa kaɗan-kaɗan kana gwadawa da wasa mai nauyi na awa guda. Ko kuma kawai ka sauke iyakar wuta zuwa kashi 80 ko 85. Gudun da za ka rasa ƙalilan ne, wutar da za ka rage kuwa gommai ne na wat, kuma inbata ma za ta ji sauƙi. Ka sa lagireton duka biyu su ja iska daga waje idan akwatin ya yarda, ka ɗaure gudun fanka da zafin ruwa maimakon zafin CPU. A hunturu kuma ƙura kan toshe haƙoran lagireto cikin 'yan makonni, ta ƙara wa ruwa digiri da dama. Raga a gaba da hurawa a kai a kai sun wadatar.

Ruwan da za ka zuba: tatacce ta hanyar turiri, da maganin hana tsatsa da gansakuka, ko wanda aka riga aka haɗa marar launi irin DP Ultra ko Mayhems X1. Lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi za ta cika zagayenka, ka sayi biyu. Ka guji masu kauri masu kama da madara, ƙwayoyinsu a cikin siraran haƙoran bulok suke taruwa, zafi kuma na hanzarta hakan. Idan ruwan batir za ka saya don wanke lagireto, ka kula sosai, domin akwai wanda aka haɗa da asid ana sayar da shi a irin gorar. 'Yar na'urar TDS ta masu sayar da kayan tace ruwa, mai auna abin da ya narke a cikin ruwa, za ta raba gardama, tataccen ruwa sifili ko dab da sifili yake nunawa. Alminiyam kuma kada ya shiga zagayen ko da fitin ɗaya ne. Haɗuwarsa da jan ƙarfe a ruwa ɗaya na sa ya riƙa cinyewa, farin gari ya toshe bulok, daga baya rami ya ɓulle.

Mai_Lagireto

Kan 4080 Super na hannu mai bulok: a nan ne ribar ta fi yawa idan aka dace, domin bulok na hannu faɗuwa yake yi warwas. Ba ya hawa komai sai kati ɗaya, mai sayarwa ya san haka, sau da yawa kusan kyauta yake haɗawa. Katin 16GB ne, 320W, daidai da abin da zagayenka ya saba ɗauka. Idan kati da bulok tare sun zo ƙasa da kuɗin sabon 5070 Ti shi kaɗai da tazara mai kyau, ka ɗauka. Idan farashin ya zo kusa, sabon ya fi, saboda garanti da kuma sabon injin NVENC da ke karɓar bidiyo mai 4:2:2, wanda zai yi maka amfani.

Sharaɗi na farko: ya haɗo da mai sanyaya na asali da farantin baya da sukurorinsa. Babu su, ka rage farashi sosai ko ka haƙura. Na biyu, ka ga katin yana aiki da nauyi na minti 20 ko 30, manhajar HWiNFO mai nuna zafi a buɗe. Dubi tazarar zafin cif da wurin da ya fi zafi a cikinsa: digiri 10 zuwa 15 lafiya ne, ya haura 20 zuwa 25 to ɗaurin bai zauna ba ko fes, man da ake shafa wa cif, ya gudu. A jerin 50 Nvidia ta rufe wannan ma'aunin, sai dai ka kwatanta zafin cif da na ruwa. A 300W tazarar da ta wuce digiri 20 da yawa alama ce ta a sake ɗaurawa. Na uku, ka haska bakin wayar wuta da tocila, duk wani baƙi-baƙi, launin ƙasa ko robar da ta lotsa, ka bar katin. Bulok ɗin kuma ka duba akirilik a kewayen sukuru da bakin fitin, siraran tsaga kamar gashi na nuna an matse fiye da kima ko an goge shi da sifirit. Kada sifirit ya taɓa akirilik ko kaɗan. Buɗe shi, wanke haƙoran da burushin haƙori mai laushi da ruwan sabulu, ka lura da yadda farantin da ke feso ruwa ya kwanta kafin ka ɗaga shi, zoben robar da ya bushe ko ya baje ka sauya.

Wajen ɗaurawa, abin da ya fi lalata aiki shi ne kaurin fad ɗin da ake shimfiɗawa a kan memori da VRM. Takardar bulok za ka bi, ba kaurin da ke kan mai sanyaya na asali ba. Idan ta ce 1.0mm ka sa 1.5mm, fad ɗin zai ɗaga bulok daga kan cif, memori ya yi sanyi, cif ya yi ta ƙuna, har fanel ya lanƙwashe. Idan ka sa 0.5mm, cif lafiya, memori bai taɓa ƙarfe ba. Masu taurin nan da ake tallata su da manyan lambobi ba sa matsuwa, waɗanda suka zo da bulok sun fi dacewa. Ka cire ledar da ke fuska biyu na kowane fad. A kan cif ka shimfiɗa fes ya rufe shi kaf har kusurwa, domin ba shi da murfi irin na CPU. Wanda ya fi ma shi ne PTM7950, da ke narkewa wajen digiri 45 ya zauna, ba ya gudu gefe bayan watanni. Sukurori huɗu na kewayen cif su ne farko, a gicciye, rabin juyi rabin juyi, sauran daga baya, kowanne da wosharsa ta roba. Kafin ɗaurin ƙarshe ka ɗora ka ɗaga sau ɗaya, ka ga shatin memori a jikin kowane fad.

Daga nan gwajin yoyo da iska kafin ruwa: ɗan famfon gwaji, 0.5 bar, minti 15, allura ba ta motsa ba. Sannan ka cika, famfo kaɗai ke da wuta, an cire wa katin da madabod wayoyin wuta, takardar tishu a ƙarƙashin kowane fitin.

3080 ɗin kuma ka mayar masa da fankarsa da sababbin fad daidai kaurin na asali, ka sayar da shi haka. Bulok ɗin ka sa shi daban, ko nawa ya kawo riba ce.

Bakaniken_PC

Tunda shiru kake nema don ɗaukar murya, na janye, bulok ya cancanci kuɗinsa a wurinka. Saura wayar wuta. 4080 Super da 5070 Ti duka da mai 16-pin suke aiki, fawa saflai ɗinka kuma ta zamanin 3080 ce. Adaftar da ke cikin kwali za ta yi, amma kowane bakinta ya samu wayarsa daban tun daga fawa saflai, kada ka ciyar da baki biyu da waya ɗaya mai reshe. Wanda ya fi tsafta shi ne ka sayi wayar 12V-2x6 da kamfanin fawa saflai ɗinka ya yi wa wannan samfurin, domin tsarin fil na ɓangaren fawa saflai ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, wayar wani na iya ƙona kati nan take. Tura ta har ka ji ta ce ƙas, ka duba babu ko siririn gibi, kuma kada ka lanƙwasa ta sai bayan 35mm daga bakin. Yawancin narkewar da aka gani daga rashin shiga sosai ne: fil ɗaya ko biyu su ɗauki wutar da shida ya kamata su raba. A kan ruwa babu fankar da ke hura wannan wurin, don haka ka bar fanka ɗaya na akwati tana kaɗa iska ta kan farantin baya.

Idan a tsaye kake ɗora katin da wayar ƙari ta PCIe, duba ajinta. Ta 3.0 da sabon kati baƙin allo za ta ba ka, ko hoto ya riƙa ɗaukewa. Ko ka sayi ta 4.0, ko ka shiga BIOS tun tsohon katin na ciki ka tsayar da ramin a kan ajin wayar maimakon barin shi ya zaɓa da kansa. Madabod ɗin B550 ko X570 a 4.0 x16 ba zai tauye 5070 Ti da abin da za ka lura da shi ba.